Masassaƙa Biyu a Bakin Kogi

Ladidi ma'aikaciyar jinya ce, amma tun tana makaranta burinta ta zama marubuciya. Ta daɗe tana rubutu tana ɓoyewa. Da wata abokiyar aikinta ta ba ta shawarar ta buɗe shafi a intanet, irin wanda ake cewa bulog, ta riƙa sa gajerun labarai jama'a suna karantawa, sai abin bai kwanta mata ba. Ta kai wa kawunta ziyara, wani tsohon malamin makaranta, ta ce, "Kawu, ni ba na so a san ni da guntu-guntu. Na fi so ranar da za a fara jin sunana, a ji shi da littafi cikakke." Ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "To, 'yata, bari in ba ki wani misali."

A wani gari na bakin kogi an yi wasu masassaƙa biyu, wurin maigida ɗaya suka koyi riƙon gizago. Da aka yaye su, na farko ya ce shi ba zai ɓata hannunsa a kan ƙananan kwale-kwale ba. Jirgin fito zai sassaƙa, babba, wanda zai ɗauki mutane da buhuna da awaki ranar kasuwa. Ya sayar da gonar da ya gada, ya sayo ƙaton gungumen maɗaci, ya kafa rumfa ya kewaye ta da zana don kada kowa ya leƙa. Kullum ana jin saran gizagonsa daga waje, amma ba wanda ya san abin da ke ciki. Na biyun kuwa duk itacen da ya samu sai ya sassaƙa ɗan kwale-kwale ya kai bakin ruwa. Kwale-kwalen farko da ya yi, wani masunci ya shiga, bai yi nisa ba ya kife da shi. Mutumin ya fito jiƙe sharkaf, ya wanke masassaƙin tas a gaban jama'a. Ranar masassaƙin ko tuwo bai iya ci ba don kunya. Amma da gari ya waye ya jawo kwale-kwalen kan yashi, ya zauna yana dubawa har ya gano inda ya kuskure. Daga nan kowa da abin da zai faɗa masa. Wata mai kai fura tsallake ta ce bakin jirginsa yana da kaifi, yana yankar mata ƙwauri. Wani tsoho ya ce gabansa yana shan ruwa in iska ta taso. Akwai masu zuwa don dariya kawai, a hankali ya koyi bambanta maganarsu da ta masu shiga ruwa. Wani lokacin ma ya ajiye sabon aiki, ya wuni ba wanda ya ko kalle shi. Bai fasa ba. Ana nan ana nan, hannunsa ya faɗa, har ta kai masunta tun daga nesa sukan gane sassaƙarsa. Shi kansa sai a nan ya san irin jirgin da ransa ke so da wanda hannunsa ya iya, ya kuma yi abokai a bakin ruwan da da bai san su ba.

Bayan shekaru, na farko ya gama nasa. Jirgi ne na gani na faɗa, sumul, har da zane a gefensa. Aka kira makaɗa, gari ya taru, aka tura shi ruwa. Da babu kowa ciki ya zauna daram. Sai aka loda buhunan shinkafa, mutane suka shiga, ɗan fito ya kafa gora ya tura. Ba su ko bar gaɓa sosai ba jirgin ya fara karkata hagu, ya ci gaba da karkata, har ya juye. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne, ba a rasa rai ba. Amma shinkafa ta jiƙe, gishirin wata baiwar Allah ya narke ƙarƙaf, makaɗa suka saɓa gangunansu suka watse. Ashe gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, abin da ido ba ya gani muddin jirgi yana kan tudu. Mai jirgin ya zauna a kan yashi ya haɗa kai da gwiwa: ga gona ta tafi, ga shekaru sun tafi. Abokinsa ya zo, bai yi masa dariya ba. Ya shafa cikin jirgin da tafin hannu, ya ce, "Wannan karkatar ni ma na yi ta a kwale-kwalena na farko. Bambancin kawai, tawa mutum ɗaya ta jiƙa." Suka ja shi tudu tare, suka shafe rani guda suna rage kaurin, suna sa shi a ruwa suna fitarwa, kafin ya yarda ya ɗauki kaya.

Kawu ya dubi Ladidi ya ce, "Littafinki yana nan zuwa, in Allah ya yarda. Amma ki fara kai ƙanana bakin ruwa tukuna, ki ji abin da masu shiga za su ce. Hausawa sun riga sun faɗa: sai an gwada akan san na ƙwarai."