Rairayin Bakin Gonar Kankana

Ranka ya daɗe Kansila, na ji an ce za ka hana masu keke bin hanyar arewa saboda suna ratsa gonakin mutane. Wannan gudun aiki ne, kuma ban tsufa a aji ina koyar da 'ya'yan garin nan don in ji irin haka in yi shiru ba. Gyara zama ka ji misali.

An yi wani manomi a can inda ƙasa duk tsakuwa ce da sabara, ruwan sama kuwa sai an roƙa. Yana da gonar kankana a gefen wata hanyar burji da masu keke ke bi: masu kai nono kasuwa, da wani mai tukwane da ke ɗaure kayansa a bayan keke, da samarin birni da ke fitowa ranar hutu su hau tudu su gangaro kwari suna ihu. Hanyar tana da ƙarfi tun daga farkonta, taya na bi tsakuwa na ƙara, sai daidai gonarsa, inda wani tsohon rafi ya bar rairayi mai laushi kamar gari. Duk wanda ya iso nan sai ya karkata ya faɗa gonar, ya bi ta kan yaɗo, ya fita can gaba. Kullum manomi ya zo sai ya tarar da 'ya'yan kankana a fashe, jan cikinsu a waje. Ga shi geron bana bai yi ba, kankanar nan ita ce za ta riƙe gidansa har damina. Ya yi faɗa, ya yi Allah ya isa, ya tsaya da sanda tun hantsi har la'asar, amma da ya juya baya sai a wuce. Da abin ya ishe shi, ya sari ƙayar aduwa ya yi shinge. Iska ta kwashi ƙayar ta watsa kan hanya, tayoyi suka yi ta sacewa, masu keke suka koma zaman faci a cikin gonar suna tattake abin da ya rage. Ranar kasuwa ma jakinsa ya taka ƙayar, ya dawo gida yana ɗingishi. Matarsa tana cire wa jakin ƙaya ta ce, "Maigida, kai da ke ta zagin bayin Allah, ka taɓa hawa keke a kan rairayin nan?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya tare mai tukwane, suka sauke kaya, ya ari keken ya tura shi kan tudu, ya tattare riga ya haye. Gangarar ta yi masa daɗi, iska na kaɗa masa gemu, har ya fara waƙa. Yana shiga rairayi tayar gaba ta nutse, sai ga dattijo a ƙasa, hula a gabas, takalmi a yamma. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce kuskure ne, ya koma tudu. A karo na biyu, da ya hango rairayin, hannunsa da kansa ya juya kan keke zuwa inda ƙasa ke da tauri, bai farga ba sai da ya ji fus! Ya bi ta kan kankanar da ta fi kowace girma, wadda shi kansa yake ta lallaɓawa. Mai tukwane ya riƙe ciki, manomi ya dubi ɓarnar da ya yi wa kansa, shi ma dariya ta ƙwace masa har da hawaye. A ranar ya janye ƙayar ya ƙone. Ya kai tsofaffin buhuna kan tudu inda tsakuwa ke zube ba mai so, ya roƙi duk mai gangarowa ya ɗauro ɗan abin da zai iya ya juye a kan rairayin. Matarsa ta girke randar ruwan sanyi a gindin aduwa. Masu nono suka riƙa kawo ƙunshi-ƙunshi, samarin birni kuwa suka mai da abin gasa, kowa na son a ce shi ya fi lodi, suna tsokanar manomi da "Baba, yaushe za ka sake yi mana tsere?" Da labari ya bazu sai aka kira gayya, har da mai ganga, aka daddaɓe wurin ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Tun daga nan babu tayar da ta sake shiga gonar, ba tare da shinge ko sanda ba. Yaɗo ya murmure, kankana ta nuna, gidansa ya ci ya ƙoshi, har ya riƙa zama bakin hanya da wuƙa yana yanka wa masu keke, suna sha, ruwan na gangara a haɓarsu.

To, ranka ya daɗe, masu kekenmu ba maɓarnata ba ne, hanya ce ta kore su. Abin da muke nema a wurinka ba doka ba ce, tsakuwa ce, a zuba ta inda rairayi ya cinye hanyarmu, kuma kafin ruwa ya sauka. Ka gyara hanya ka ga ko wani zai sake shiga gonar wani. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.