Jan Doki da Tasar Mai Ƙosai

Ina aji biyu a lakwal anka kawo lilon dawakin katako Ƙonni, bayan kasuwa. Kai, gari ya ɗauka! Dawaki shida, ƙarti huɗu na tura su, garmaho na sakin kiɗa. In faifai ya ƙare, sai ka sauka.

Baba ya ɗauko ni bisa jaki tun daga Bazaga. Munka sha layi har la'asar. Ina ɗare wani jan doki, mai warin sabon fenti, sai garmaho ya yi ƙwar, ya mutu.

Mai lilo ya ce, "Sauko, yaro. Ba kiɗa, ba turi. Sai gobe."

Gobe ina? Da sassafe za mu koma gida. Idona ya cika da hawaye.

Baba ya dubi ƙartin. "Ku ba manoma ba ne?"

"Mu ne, Baba."

"To, mi garmaho ya sani?"

Ya ari tasar wata mai ƙosai, ya kife ta, ya saki kiɗan gayya, yana zuba ma kowa kirari kamar a gona. Wayyo! Ƙarti sunka zuba gudu, kowa na son ya fi ɗan'uwansa. Ina ihu, "Baba, ya isa!" Shi ko ya ɗauka murna ce, ya ƙara wuta.

Har yau in na tuna, dariya nika yi da kewarsa tare.

Da na sauka, ƙasa ta ƙi tsayawa, na zube tim.

Baba ya leƙo. "Yaya, barde?"

Daga kwance na ce, "A ƙara!"