Wandon da Lurwanu Ya Kawo Daga Abijan

Biba ta toshe hanci ta ƙara kurɓa. Baƙin ruwan ga tsami, ga gishiri, ga wari kamar jiƙaƙƙiyar fata. Amma ta daure. Mijinta ya ce zai karɓo mata rubutun haihuwa wurin malam ya aje bisa turmi, kuma ga kwano nan bisa turmin a rufe. Cikinta ya tsufa, ba ta wasa da magani. Ta sha da yawa, ta shafe ciki da sauran.

Sai ga Lurwanu, ƙanen mijin, yana tafiya a tattale cikin jiƙaƙƙen wandon jins.

"Matar yaya, wandon ga ya yi mini yawa a ƙugu. A Abijan jiƙa shi ake yi, ya bushe a jiki ya tsuke. Tun da na saye shi bai ga ruwa ba sai yau."

Ya leƙa kwanon.

"Wa ya zubar da ruwan da na matse? Rijiyoyin garin ga namu Tamaske sun ƙafe, na aje in sake jiƙawa gobe."

Mijinta ya yi sallama, da kwalbar rubutu a hannu.