Shagon da Ba Ya Kan Taswira

"Kai ka ɗora wa masu kamfani jan ɗigo a taswira, daidai ƙofar shagon Baba," na ce wa Yaya. "Katafaren kanti za su buɗe, su kashe masa kasuwa."

"Rufe min baki. Kwamfuta ce ta zaɓa. Inda mutane suka yi yawa kuma babu shago, nan take nema."

"Na Baba ba shago ba ne?"

Ya juyo min da kwamfutar kamar zai kwaɗa min ita. Ga layinmu a taswira, gida-gida. Wurin shagon fayau.

Wata uku da suka wuce Yaya ya samo min aiki a kamfaninsu, muna bin layi-layi da waya muna saka kowane shago a taswira. Ranar da muka zo layinmu ina tare da abokan aiki biyu. Baba ya duƙufa yana awon shinkafa da yagaggiyar singileti, bai gan ni ba. Na sunkuyar da kai na wuce, ban saka shagon ba.

Baba ya ɗaga labule ya shigo, ashe yana jinmu. Ya dubi taswirar, ya dube mu.

"Wai ba mutum suke turowa ya duba ba? Wane makaho aka turo layin nan?"