Gurbin Ƙanin

"Ba wanda zai cike gurbin nan," in ji Babban Yaya, yana dukan teburin mai haɗa sauti.

Tun da suka kawo waƙar hip-hop garin, shi ke jan baiti, ƙaninsa ya dire kalmar ƙarshe. Ana shirin kundinsu na bankwana, ƙanin ya rasu bai naɗi muryarsa ba.

Aka kunna waƙar da giɓinta. Matar marigayin, wadda ta kawo musu abinci, ta tsaya bakin ƙofa. Duk inda baiti ya yanke, sai bakinta ya ƙarasa.

"A kicin yake damuna da baitocin nan," ta ce, tana share ido.

Yaya ya miƙe, ya rage tsawon makirfo da hannunsa.

"Matso, ƙanwata."