Farin Ƙyallen Mai Ɗinki

Kullum da safe akwai wani farin ƙyalle a igiyar shanyar Mai ɗinki, tsakiyarsa da tabo ruwan ƙasa. Da shi take tace ruwan sha. Ita ta yanko shi daga yadi mai kyau, ta ninka huɗu, ta bi gefensa da keke.

Tun da bututu ya fashe kusa da kwata, famfon gidan hayarsu ruwa mai laka yake kawowa. Sai ta ɗaure ƙyallen a bakin bokiti, ta tsiyaya a hankali, ruwan ya fito garau. Matan gidan har tsokanarta suke yi, wai ko iska ce sai ta tace kafin ta shaƙa.

Da ta yaye ɗanta tilo, da wannan ruwan take dama masa madara. Maƙwabciyarta, ma'aikaciyar jinya, ta ce mata ƙyalle laka kawai yake tarewa, ƙwayar cuta wucewa take yi, ta riƙa tafasawa.

Mai ɗinki ta ɗaga kofin gilashi saitin taga. "Yaya, ga shi nan. Nuna min cutar in gani."

"Da ana ganinta, ai da ba ta kashe kowa ba."

Mai ɗinki ta yi dariya, ta ce ga ɗinkin mutane jibge, ina ta ga lokacin gadin tukunya.

Ranar da yaron ya fara amai da gudawa, ta ce haƙori ne. Ta taɓa jin cewa ba a barin mai gudawa da ƙishi, don haka ta yi ta ɗura masa ruwan bokitin nan. Kafin su kai asibiti idanunsa sun faɗa, kukan ma ba ya fita.

Likita ya tambayi irin ruwan da yake sha.

"Tatacce ne, likita. Da hannuna nake tacewa."

Ya tambaya ko tana tafasawa. Yaron bai kai yamma ba.

A zaman makoki wata dattijuwa, don ta sanyaya mata zuciya, ta ce ba ta taɓa ganin uwa mai tsafta irinta ba, ga ma ƙyallenta can a igiya. Mai ɗinki ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta miƙe, ta ratsa matan, ta fice daga gidan ko takalmi babu.

Mai karatu, ba duk ruwan da ya yi garau ne mai tsabta ba. In kin tace, ki tafasa.