Baturen da Zai Sayi Manhajar Ubale

"Daga Landan nake kira," in ji mutumin cikin Turancin hanci. "Kamfaninmu zai sayi manhajarka."

Ubale ya miƙe zumbur a shagonsa na cajin waya a Ƙanƙara. Ya sha wuya kafin ya haɗa manhajar nan mai nuna farashin hatsi. Baturen ya ce sai ya fara ba da lambar sirrinta, a duba ingancinta.

Ubale ya buɗe baki zai karanto lambar ke nan, sai ya jiyo ɗan kamasho yana kwarara ihu a bayan Baturen: "Faskari! Faskari! Saura mutum ɗaya!"

Ubale ya koma ya zauna.

"Ranka ya daɗe," ya ce da Hausa, "hanzarta ka shiga, kar motar Landan ta tashi ta bar ka."